Ɗakina yana digiri 33, amma ya fi na digiri 37 azaba: ina bayanin yake?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum. Ina da wani al'amari da ya ɗaure mini kai, kuma na san a wannan zaure akwai waɗanda suka fi ni sanin gini da kimiyya. Bara na tashi daga gidan mahaifinmu na cikin birni, wanda tsohon ginin ƙasa ne, na koma ɗan gidan da na gina a bayan gari da bulo da rufin kwano. Da bazara ta kama sai na sayi ɗan agogon bangon nan mai nuna zafi da danshin iska, na rataye shi kusa da ƙofa. A tsakiyar Maris, da la'asar, yakan nuna digiri 37, danshi kuma kashi 14 cikin ɗari. Akwai zafi ƙwarai, amma idan na watsa ruwa na kunna fanka ina iya zama in yi aikina, da daddare ma barci yana samuwa. Yanzu muna ƙarshen Mayu, an yi yayyafi sau biyu, agogon yana nuna 33 da danshi kashi 68, amma riga manne take a bayana tun safe, matashin kai kuma jiƙe yake kafin asuba. Na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa da na saya, wadda a Maris har bargo take sa yara su nema, yanzu idan na kunna ta sai ɗakin ya koma madambaci. Shin agogon ne ya lalace, ko jikina ne ya canza? Ƙari a kan haka, mai ɗakina cewa take fankar da ni ba ta ishe ni ba ita sanyi take sa mata da asuba.

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Agogonka lafiyarsa ƙalau, jikinka ma haka. Lamba ta farko kawai kake karantawa, alhali amsar tana cikin ta biyu.

Jikin babban mutum, ko yana zaune bai ɗaga tsinke ba, yana samar da zafi kimanin wat 100, kamar tsohon ƙwan lantarkin nan mai ƙona hannu, kuma dole wannan zafi ya fita idan cikin jiki zai tsaya a kusan digiri 37. Idan iskar ɗaki ta fi fata sanyi sosai, iskar ce ke kwashe mafi yawansa. To amma fata a lokacin zafi tana wajen digiri 35, saboda haka da zarar ɗaki ya kai 33 ko ya wuce, wannan hanya ta kusa toshewa, sai a koma ga gumi. Shi kuma gumi ba fitarsa ke sanyaya mutum ba, bushewarsa ce. Lita ɗaya ta gumi idan ta bushe a kan fata tana tafiya da zafi kimanin kilojul 2,400, wanda ya haura abin da mai zaune ke samarwa cikin sa'o'i shida. Wanda ya ɗiga ƙasa ko ya jiƙa matashi kuwa asarar ruwa ce kawai.

Ga lissafin ɗakinka. Iska mai digiri 37 tana iya ɗaukar tururin ruwa kusan giram 44 a kowane fili mai tsawo da faɗi da tsayi mita ɗaiɗai. Kashi 14 na wannan kimanin giram 6 ne. Iska mai digiri 33 tana ɗaukar kusan giram 36, kashi 68 nasa kuma giram 24 ne. A saman jiƙaƙƙiyar fata akwai kimanin giram 40. Tazarar Maris ke nan 34, ta Mayu kuma 16, ba ta kai rabi ba. Iskar Maris ƙishirwa take ji, tana lashe gumin tun kafin ka gan shi. Ta Mayu ta riga ta ƙoshi.

Ɗan Yamai:
Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa. A nan Yamai na'urar nan mai ruwa tana cikin gidaje da shaguna da yawa, kuma kowa ya san lokacinta: daga Fabrairu zuwa Afrilu ita ce sarauniya, da iskar damina ta fara shigowa sai a kwashe ruwanta a bar ta tana aikin fanka kawai. Wani abokin kasuwancina da ya zauna a Khartum ya ce can ma da ita suke rayuwa, domin ƙasarsu ta fi tamu bushewa. Abin da nake so Malam ya lura da shi shi ne, ko a lokacin rani ba a rufe taga idan tana aiki. Masu sayarwa ba sa faɗin wannan, sai mutum ya rufe ɗaki ruf kamar ya sa esi, danshin ya taru, ya dawo yana zagin na'urar.

Malamin Kimiyya:
Akwai gwajin da nake yi wa ɗalibaina wanda zai nuna wa Malam iyakar na'urarsa da idonsa. A samu ma'aunin zafi na gilashi, a naɗe kansa da ɗan ƙyallen auduga, a jiƙa, a riƙe a gaban fanka na mintuna kaɗan. Inda ya sauka ya tsaya, nan ne iyakar sanyin da bushewar ruwa za ta iya bayarwa a wannan iska. Da lambobin Maris zai sauka zuwa wajen digiri 19, da na Mayu kuwa zai tsaya a kusan 28. Bambancin digiri tara ke nan, kuma ya saɓa wa abin da agogon bango ke nunawa. Wannan ne dalilin da ya sa ruwan randa yake sanyi har ya kama haƙori a Maris, amma a Agusta sai a ji shi salam. A kan wannan hikima ce marigayi Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya gina dabararsa ta saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyahu, wadda ta kawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ita ma dabarar ta ƙasar rani ce. A kai ta Fatakwal a ga yadda za ta yi.

Baba Magini:
Ni ban yi karatun boko mai zurfi ba, jikana ne ke rubuta mini, amma shekara arba'in ina hawa bango. Duk kun tafi kan iska da ruwa kun bar rufi. Yaro, ɗakin nan naka akwai silin, kuma in akwai, tazara nawa ce tsakaninsa da kwanon? Ka ɗaga hannu da azahar ka taɓa shi ka gaya mini. Kwano a ranar bazara yana yin zafin da ba a iya ɗora masa tafin hannu, hucinsa yana sauka a kan mutum kamar wanda ya zauna kusa da murhu, ko da iskar ɗakin ba ta yi zafi ba. A gidan mahaifinka bangon tubali ne mai kauri, a gindi ya kusa kamu biyu, rufin kuma azara ce aka jera aka ɗora ƙasa aka shafe da makuba. Rana tana dukansa tun hantsi, amma kafin zafin ya ratsa ya iso ciki magariba ta yi. Shi ya sa soro da tsakar rana kamar bakin rijiya yake. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina, da Gidan Makama a nan Kano, duk wanda ya shiga da rana ya san abin da nake faɗi.

Ɗan Kurna:
Baba, Allah ya ƙara girma. Silin ɗin roba ne, kuma magininmu ya matse shi da kwanon saboda kuɗin katako ya yanke mini. Na taɓa shi ɗazu bayan azahar, da ɗumi sosai kamar bayan tukunyar da aka sauke.

Injiniya:
Baba ya kama inda na bari. Jiki yana musayar zafi da bango da rufi da ƙasa kai tsaye ta hanyar huci, ba sai iska ta ɗauko ba, kuma ma'aunin da ke rataye a inuwa kusa da ƙofa ba ya jin wannan yadda kan mutum ke ji. Kwano a rana yakan haura digiri 60. A ɗakin da iska ba ta motsi sosai, abin da jiki ke ji yana kusa da tsakiyar zafin iska da zafin abubuwan da ke kewaye da shi. Idan iskar 33 ce, rufi da bangon yamma kuma suka ja matsakaicin zafin kewaye zuwa 39, to Malam a cikin 36 yake zaune, ga danshi a kai.

Mai Shagon Sanyi:
Da izinin manya, ni sana'ata sayar da esi da gyaranta, kuma zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Ana yawan yabon soro a irin waɗannan tattaunawa, amma wa ya kwana a cikinsa a Afrilu? Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san da bazara tabarma ake fitarwa tsakar gida, maza wasu har ƙofar gida, saboda zafin da bangon ya sha da rana da daddare yake amayar da shi. Yanzu kuma ga sauro, ga ɓarayi, ga gidajen da tsakar gidansu bai fi shimfiɗar mutum biyu ba. Sannan duk damina sai an yi yaɓe an gyara indararo, in ba haka ba rufi ya zauna wa mutum a ka. Matsalar Malam danshi ce, kuma Injiniya shaida ne cewa babu fanka ko fenti ko tubalin da ke cire ruwa daga iska. Esi ce ke yin haka, ruwan da kuke gani yana ɗiga daga bututunta a waje daga cikin iskar ɗakin aka tatso shi. Ya sayi mai doki ɗaya, ya sa ta a 16, ya huta.

Baba Magini:
Gaskiyarka a kan kwanan dare, ɗana, ban musa ba. Soro na rana ne da na hunturu, tsakar gida na daren bazara, zaure kuma na hira da baƙi. Gidan gaba ɗaya ake amfani da shi, ana bin inuwa ana bin iska. Da aka matse filaye aka ce mutum ya yi komai a ɗaki ɗaya, dole abin ya gagara. Amma bulon siminti ma yana riƙe zafi ya saki da dare, ga kwano a sama yana gasa mutum da rana, an haɗa aibi biyu ke nan ba a samu amfanin ko ɗaya ba.

Malamin Kimiyya:
Ina so in tsaya a kan lambar 16 ɗin nan, domin ita ce ta fi damuna a maganar Mai Shago. Sa na'ura a 16 ba ya sa ta sanyaya ɗaki da sauri. Yana hana ta hutawa ne kawai, ta yi ta shan wuta, mutum kuma ya ƙare da bargo a watan Mayu.

Tambayar wane zafi ne ya dace da ɗan Adam a cikin ɗaki an daɗe ana bincikenta. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Ole Fanger, ya fitar da littafi a 1970 bayan ya zaunar da mutane masu yawa a ɗakunan gwaji yana canza musu yanayi yana tambayarsu yadda suke ji. Ya tattara abin a kan abubuwa shida: zafin iska, hucin kewaye, danshi, motsin iska, tufafin da ke jiki, da aikin da jikin ke yi. Ya yi ma'auni daga 3 na ɓangaren sanyi zuwa 3 na ɓangaren zafi, sifili a tsakiya. Abin da ya fi burge ni a lissafinsa shi ne, ko an daidaita komai a kan sifili, kashi 5 cikin ɗari na mutanen ɗakin za su ce ba su ji daɗi ba. Da wannan aka gina ƙa'idojin da injiniyoyi ke bi wajen sanyaya ofisoshi, ciki har da ƙa'ida mai lamba 55 ta ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin ɗumama da sanyaya gine-gine ta Amurka.

To amma da aka fita daga ɗakin gwaji aka shiga gidaje da ofisoshin da ake buɗe taga a ƙasashe masu zafi, sai aka tarar mutane suna cewa lafiya lau a zafin da lissafin ya ce ba za su jure ba. Richard de Dear da Gail Brager sun tattara irin waɗannan bayanai daga nahiyoyi da dama a 1998, kuma a 2004 aka shigar da sakamakon cikin waccan ƙa'ida. Ga ginin da ba a sa masa esi ba, ana ninka matsakaicin zafin waje da 0.31 a ƙara 17.8. Idan matsakaicin dare da rana 30 ne, kamar yadda yakan kasance a Kano a irin wannan lokaci, amsar tana wajen digiri 27, kuma mafi yawan mutane za su amince da abin da ya ɗara haka da digiri uku da rabi. A Janairu kuwa, da matsakaicin ke sauka wajen 21, amsar tana komawa kusan 24. Wato babu lamba ɗaya ta dindindin. Jiki yana tafiya da lokacin shekara. Japan ta fara shirin saita esin ofisoshin gwamnati a digiri 28 tare da sassauta tufafi tun 2005, Indiya kuma ta sa a riƙa fitar da sababbin na'urori a saite a kan 24 daga 2020.

Mai Shagon Sanyi:
Malam, na karɓi gyara a kan 16, mu ma mukan faɗa wa masu saye amma ba sa ji. Sai dai lissafin naka da kansa ya ce iyaka wajen 30 da rabi, ɗakin Ɗan Kurna kuma Injiniya ya ce kamar 36 yake. Ina za a kai ragowar biyar ɗin?

Hajiya 'Yar Agege:
Kafin a amsa masa, ina so a dawo kan maganar matar gidan, domin na ga an wuce ta kamar ba a ji ba. Na yi shekara goma sha biyu a Legas kafin mu dawo Arewa. A can ma'auni ba ya cika wuce 33, amma tawul ba ya bushewa, takalmin fata yana yin fumfuna a cikin kwaba, ƙurajen zafi kuma ba sa barin wuyan yara. Duk da haka bayan makonni kaɗan jikina ya saba, har na zo ina jin hunturun Kano ya fi wahalar da ni idan na zo ganin gida: leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, ƙaramin ɗana ya yi ta haɓo. Saboda haka bushewar iska ma ba alheri ba ce zalla.

Game da mace da namiji a ɗaki guda, ku tuna cewa matar nan ita ce ta tsaya a kan murhu daga la'asar zuwa magariba, a ɗakin girkin da galibi shi ne mafi ƙanƙanta kuma mafi ƙarancin taga a gidan, da zani da riga da ɗankwali, ga tururin tukunya, wani lokaci ga goyo. A wannan lokaci ita ce ta fi kowa shan zafi kuma babu mai rataya ma'auni a can. Da asuba kuwa jiki ya yi sanyi, ta yi wanka, fanka na kaɗawa a kan jiƙaƙƙen gashi, ba abin mamaki ba ne ta ji ɗari. Maigida da singileti yana kwance a ƙarƙashin fankar ba zai gane ba. Ni shawarata, a juya gadon yadda iskar za ta fi sauka a gefensa, ita kuma ta samu mayafi mara nauyi. Kuma idan za a kashe kuɗin gyara, a fara buɗe wa ɗakin girki taga ta biyu.

Malamar Asibiti:
Hajiya ta yi daidai, kuma akwai dalili a jiki. A matsakaici mata suna samar da zafi ƙasa da na maza idan ana zaune, saboda bambancin girman jiki da yawan tsoka, sannan zafin jikin kowa yana sauka zuwa mafi ƙanƙantarsa gab da asuba. Sabon da ta ambata ma gaskiya ne: cikin mako ɗaya zuwa biyu jiki yana koyon fara gumi da wuri, ya yawaita shi, ya rage gishirin da ke fita a ciki.

Amma ina roƙon kada maganar sabo ta sa mu sakankance, domin jin daɗi daban, lafiya daban. Tsoho ba ya gumi kamar matashi kuma ba ya jin ƙishirwa da wuri, yana iya cewa lafiya lau alhali jikinsa yana ƙafewa. Haka mai ciwon zuciya ko ƙoda ko sukari, da mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma babban asibitin Gabriel Toure na Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwanaki huɗun farko na watan, da yawansu tsofaffi. Abin da ya tsananta lamarin shi ne dare ma bai yi sanyi ba, jiki bai samu lokacin hucewa ba. Idan kuka ga mutum a cikin zafi ya fara rikicewa, yana magana ba kan gado, ko ya suma, a fitar da shi inuwa, a rage masa tufafi, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a nufi asibiti ba tare da jira ba.

Sai maganar jarirai da masu jego, wadda nake gani kullum. Ana naɗe jariri da hula da safa da shawul a watan Afrilu, a rufe taga don kada iska ta shige shi, wani gidan har da kaskon garwashi. Jariri ba ya iya fitar da zafi kamar babba. Wanda bai kai wata shida ba kuma ba ruwa yake buƙata ba, a yawaita ba shi nono. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a yankin, suka danganta shi da wankan ruwan zafi da kwanciya a gado mai wuta da yawan kunun kanwa, kuma sun lura ya fi tsananta a watannin zafi da danshi. Garwashi a rufaffen ɗaki kuwa, ko da hunturu ne, hayaƙinsa marar wari yana kisa cikin barci, kamar na janareto.

Ɗan Yamai:
Malama, ina da tambaya. Na taɓa jin cewa idan zafi ya kai wani mataki fanka cutarwa take yi. Gaskiya ne, ko zancen masu sayar da esi ne?

Malamar Asibiti:
Akwai gaskiya a ciki, amma da sharaɗi. Idan iska ta fi fata zafi, fanka tana turo wa mutum zafi ne, sai dai tana kuma busar da gumi, to wanda ya rinjaya shi ne hukunci. Masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostireliya sun gwada wannan a 2019: a digiri 40 da danshi kashi 50 fanka ta taimaka, a digiri 47 da danshi kashi 10 kuwa ta ƙara wa jiki wahala, domin gumin yana bushewa da kansa ko babu ita. Matasa masu lafiya aka gwada. Ga tsoho a ranar da iska ta bushe ta yi zafi irin na Sakkwato ko Maiduguri a Afrilu, a jiƙa masa riga ko fata tukuna sannan a kunna fankar.

Injiniya:
Wannan ya kawo mu ga biyar ɗin Mai Shago. Yanayin Malam na yanzu, 33 da danshi, shi ne ainihin inda fanka ta fi amfani, domin tana kore jiƙaƙƙiyar iskar da ke lulluɓe da fata. Iska mai gudun kusan mita ɗaya a daƙiƙa tana sa mutum ya ji kamar an rage digiri biyu zuwa uku. Ukun da suka rage kuma daga rufi da bango suka zo, can za a je a cire su: a shafa wa kwanon farin fenti, a buɗe ƙofofin iska a gefe biyu na saman silin da raga don zafin da ya taru ya fice, a shimfiɗa abin tare zafi a kan silin ɗin, a yi wa bangon yamma rumfa ko a dasa masa darbejiya. Da daddare a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, fanka ta tsaye kuma a ajiye ta a bakin taga tana jawo iskar waje. Katifar soso ma tana da laifi, domin rabin jiki yana nutse a cikin abin da ba ya barin zafi ko gumi ya wuce. Tabarma a kanta ko zanin gado na auduga zalla yana kawo bambanci.

Ban ce esi ba ta da wuri ba. Mai Shago ya yi gaskiya cewa cikin abubuwan da aka ambata ita kaɗai ke tatse ruwa daga iska, kuma gidan da ke da tsoho mara lafiya ko jariri, ɗaki ɗaya mai sanyi yana iya zama ceto. Amma fankar sama tana cin wat 70 ko ƙasa da haka, mai doki ɗaya kuwa tana cin ninkin wannan sau goma ko fiye, kuma ranar da aka fi buƙatarta ita ce ranar da wuta ta fi ɗaukewa. Wanda ya sa ta a ƙarƙashin kwanon da ba a gyara ba, rana yake biya wa kuɗin wuta. In an gyara rufin, 26 ko 27 tare da fanka ya wadatar.

Mai Shagon Sanyi:
A kan gyara rufi kafin saye ba ni da ja, domin ni ma na gaji da waɗanda ke dawo mini da na'ura suna cewa ba ta sanyi alhali ɗakinsu tanda ne. Amma farin fentin nan, Injiniya, hunturu ɗaya zai mayar da shi ja da ƙura. Sai dai a riƙa wankewa.

Baba Magini:
Ruwan farko zai wanke mafi yawa, sauran kuma tsintsiya da bokiti ne kafin bazara. Mu da muke hawa rufi duk shekara mu yi yaɓe, wankin kwano ba zai ba mu tsoro ba. Amma yaro, kada ka hau da rana, kuma ka taka kan layin ƙusa inda katako yake.

Ɗan Kurna:
Na gode wa kowa, Allah ya saka da alheri. Ga abin da ya faru cikin kwana goma. Fenti bai samu ba tukuna, sai ƙarshen wata. Amma mun fasa bulo huɗu a saman bango, biyu gabas biyu yamma, tsakanin silin da kwano, muka sa raga saboda jemagu. Na kwashe ruwan na'urar kamar yadda ɗan uwa na Yamai ya ce, na mayar da ita bakin taga. Na shimfiɗa tabarma a kan katifa, gadon kuma mun juya shi bisa shawarar Hajiya, kuma tagar ɗakin girki an auna ta. Agogon bango bai sauka sosai ba, jiya da la'asar 32 ya nuna da danshi kashi 70, amma silin ɗin da na taɓa bai kai ɗumin da ba, kuma kwana uku ke nan ban tashi tsakar dare na juya matashi ba. Gwajin ƙyalle na Malam ma mun yi da yara, ya tsaya a 27 da ɗoriya. Abin da ya rage mini shi ne gidan sauro, domin da na sake shi sai in ji iskar fankar ta ragu da rabi, in na ɗage kuma sauro ya yi biki.

Injiniya:
Ragar tana tare iska sosai, musamman idan daga sama take zuwa. Samu ƙaramar fanka mai caji ka sa ta cikin gidan sauron ta wajen ƙafa, ka tura bakin ragar ƙarƙashin katifa yadda ba za ta taɓa fukafukan ba. Kada ka ɗage shi yanzu da damina ta shigo.